Mabel Ta Yi Fari Fat

Ku yi haƙuri da ni. Ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na iya, kuma a layinmu ma akwai waɗanda suka fi ni sanin murjani, balle a garin Saskatoon na ƙasar Kanada gaba ɗaya. Sau uku ina yaga shafin farko. Amma maƙwabciyarmu Misis Pawluk ce ta ba ni labarin da bakinta, ta ce in kira ta Noreen a ciki, ko da yake bakina bai saba ba. In kun ga kuskure, nawa ne, ba nata ba.

Ranar Laraba da safe, saura kwana biyu a sallamo mijinta daga asibiti, Noreen ta sauka ɗakin ƙasa da kofin gahawa a hannu don ta ba kifi abinci. Fitilar tankin ta riga ta kunna kanta. Ta taka matakala ta ƙarshe, ta ɗaga kai, sai kofin ya suɓuce ya tarwatse a siminti.

Mabel ta yi fari. Fari fat, kamar ƙashin da aka dafa aka shanya.

Mabel murjani ce mai rassa. Orest, mijin Noreen, ya samo ta shekara ashirin da ɗaya da suka wuce, guntuwa da ba ta kai ɗan yatsa ba, ya raine ta a tankin gilashi mai ruwan gishiri har ta kai faɗin babban tire. Jikinta shunayya, kan rassanta shuɗi. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, domin a cewarsa ita ma ba ta son a taɓa ta, ba ta son a matsar da ita, kuma ba ta yafiya. Da aka buɗe masa ƙirji aka gyara hanyoyin jinin zuciyarsa, kwana biyu bai farfaɗo ba. Da ya buɗe ido, ya dubi matarsa ta shekara talatin da takwas, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Yaya Mabel?"

Kuma kullum lafiya lau take ce masa, ba ƙarya take yi ba. Ya bar mata littafin kula da tankin mai shafi goma sha huɗu, ta bi shi layi-layi. Makon da ya wuce ma ta ga Mabel tana ƙara haske, shunayyar ta koma ruwan hoda mai ƙyalli, har ta tsokane shi a gadon asibiti.

"Tsoho, tunda ka tafi ta ƙara kyau. Ashe kai ne matsalarta."

Ya yi dariya har ya rungume matashin kai da aka ba shi don tallafe ƙirji. Likita kuwa ya ja ta gefe ya ce wata biyu cur kada wani tashin hankali ya je kusa da shi.

Noreen ta fi minti goma a tsaye gaban tankin, gahawa na jiƙa mata silifa. Kifayen na yawonsu kamar ba abin da ya faru. Sannan ta hau sama, ta kira lambar da ke bangon littafin, wadda Orest ya rubuta a ƙarƙashinta: In komai ya lalace, kuma ba wani zaɓi.

Paulette Gareau ta iso kafin awa guda, dusar ƙanƙara a kafaɗunta, akwatin kayan kamun kifi a hannunta cike da ƙananan kwalabe. Shekara talatin ta yi tana gwajin jini a ɗakin gwaji kafin ta yi ritaya. Ita ce ke riƙe da kayan awo na ƙungiyar masu kiwon murjani da ke haɗuwa Lahadin farko ta kowane wata a zauren coci. Ita ce kuma wadda Orest ya laƙaba wa Mai Maƙabarta, sunan ya bi ta har sababbin shiga na zaton nata ne na gaskiya.

"Lallai abu ya kai," in ji ta tana cire takalmi. "Orest Pawluk ya yarda in taka gidansa? Ko maganin barcin bai sake shi ba?"

"Bai sani ba, Paulette."

Paulette ta dubi fuskarta, ta bar wasan. Suka sauka. Tana ganin tankin ta ajiye akwatin a hankali.

"Wayyo Allah," ta ce can ƙasa-ƙasa. "Wayyo, Mabel."

"Ta mutu ko? Faɗa mini kawai."

"Ban sani ba tukuna. Kawo kujera, kawo tawul, ki kuma daina matse hannunki haka, za ki karya yatsa."

Noreen ta san al'adar 'yan ƙungiyar, domin shekaru tana jin ta a teburin abinci. Duk mai murjani mai daraja yakan karya 'yan guntaye ya raba wa abokai su raina a tankunansu, don in nasa tankin ya lalace wata rana a dawo masa da irin. Ta riƙe wannan tunanin kamar igiya.

"Ai akwai guntunta a wajen wani, ko? Ya rarraba, na gani da idona."

Paulette ba ta juyo ba. "Mutum biyar ya ba. Duka sun mutu. Ni sau uku ya ba ni, sau uku tana yin fari a hannuna. Ina kike zaton na samo sunan nawa? Babu wata Mabel a duniya sai wannan, 'yar uwa."

Noreen ta zauna a kujerar da ta kawo wa baƙuwa.

Paulette ta fara da zafin ruwa. Ba ta yarda da ma'aunin Orest ba, ta tsoma nata. Daidai. Ta auna gishiri, daidai. Ta jera kwalabe a kan injin wanki, tana ɗiga magani tana ƙirgawa a ranta, ruwan na juyawa daga launin hoda zuwa shuɗi, tana ɗaga shi a haske tana tsuke baki. Tana yi tana jefo tambayoyi kamar 'yar sanda.

"Hitar ɗumama ruwa ta taɓa maƙalewa?"

"A'a."

"An ɗauke wuta?"

"Ko sau ɗaya."

"Kin fesa turaren ɗaki a nan ƙasa? Maganin kwari? Fenti?"

"Haba, Paulette. Shafi na biyu ya hana."

"Kin sa hannu a ruwa da man shafawa? Jikokinki sun zo? Yaro ɗaya ya jefa kwabo a tankin Glen na ƙungiyarmu, a kwana uku komai ya tafi."

"Ba wanda ya sauko sai ni."

Paulette ta ɗauko gilashin ƙara girma ta manna fuska a jikin tankin, tana neman cizon ƙananan tsutsotsin da ke cin murjani. Babu. Ta daɗe a haka, har numfashinta ya yi hazo a gilashin. Sai ta yafito Noreen.

"Zo ki gani. Fari iri biyu ne. In nama ya saɓule ya bar ƙashi tsirara, yawanci daga gindi yake farawa ya hau, wannan sai jana'iza. Duba nan. Kin ga wani abu kamar gashi-gashi a kan reshen?"

Noreen ta ƙura ido. Da farko ba ta ga komai ba sai fari. Can sai ta ga wasu ƙananan bakuna, garau kamar ruwa, suna motsi kaɗan-kaɗan.

"Namanta na nan," in ji Paulette. "Launin ne ya gudu. Akwai 'yan tsirrai ƙanana da ke zaune a cikin namanta, su ne launinta, su ne kuma ke dafa mata abinci da haske. In ta sha wuya sai ta kore su. Yanzu tana da rai, amma yunwa take ji, kuma ba za ta daɗe a haka ba."

"Amma makon jiya ta fi kyau! Har ƙyalli take yi!"

"Wannan ƙyallin ihu ne, Noreen. Kururuwa take yi."

Noreen ta tuna yadda ta tsokani mijinta, yadda ya yi dariya.

Paulette ta durƙusa, gwiwoyinta na ƙara, ta kwantar da kai kusa da siminti ta leƙa Mabel daga ƙasa. Ta jawo Noreen da gefen siket har ita ma ta durƙusa. A ƙarƙashin rassan, inda inuwa take, shunayyar na nan yadda take, mai duhu, kamar ba abin da ya same ta.

"Sama fari, ƙasa lafiya. Ba ruwa ba ne, ba cuta ba ce. Ƙuna ce. Haske ya ƙona ta. Kin taɓa fitila?"

"Shafi na uku, da manyan baƙaƙe. KADA KI TAƁA FITILA. Ko na so ma ba zan iya ba, da wayarsa ake sarrafa ta, wayar kuma tana wajensa."

"To me ya canja?"

Paulette ta hau kujera ta leƙa saman tankin. Fitilar na rataye inda take. A ƙarƙashinta murfin gilashi ne, falle uku a jere. Ta kai yatsa ta shafa fallen tsakiya, ya yi ƙara tsabar tsafta.

"Yaushe Orest ya sayi sabon murfi? Mutumin da bai taɓa sayen sabuwar hula ba?"

"Ba sabo ba ne," in ji Noreen. "Wanke shi na yi."

Tana faɗa ta ji maganar a kunnenta kamar wani ne ya faɗe ta.

Rana ta biyu da yi masa tiyata ne, Orest bai farfaɗo ba, nas ta ce ta je gida ta huta. Ta zo gida ba ta iya zama ba. Ta wanke murhu, ta wanke firji, ta goge tagogi, ta sauko ta wanke injin wankin kansa. Sai idonta ya faɗa kan murfin nan. Gishirin da ruwa ke fantsamawa ya daskare a jikinsa shekara da shekaru, fari-fari, rawaya-rawaya, kaurinsa ya kai ɓawon burodi. Ta sha yi masa magana a kai, yana cewa gobe. Ta ɗauko ruwan khal mai tsami da reza, ta kankare falle ɗaya, ta kankare na biyu, tana kuka tana kankara, tana cewa a ranta in ya dawo zai ga abinsa tas. Ta kai hannu kan na uku ke nan waya ta yi ƙara, aka ce ya buɗe ido. A cikin shafi goma sha huɗu babu inda ya ambaci murfi. Me zai sa? Shekara ashirin da ɗaya ba ta taɓa kai hannu jikin tankin ba.

Suka ja da baya tare, suka dubi tankin gaba ɗaya. Sai ga shi ƙarara, kamar an ja layi da rula. Duk abin da ke ƙarƙashin falle biyun da ta wanke ya koɗe. Na ƙarƙashin falle mai datti kuwa, a can gefen dama, kore na kore, ja na ja.

"Ni ce," in ji Noreen. "Da hannuna."

Paulette ta buɗe ƙasan akwatinta ta zaro ma'aunin haske na ƙungiya, wani ɗan ido a kan sanda. Ta tsoma shi ƙarƙashin falle mai datti, ta karanta. Ta matsar da shi ƙarƙashin mai tsafta, daidai kan Mabel. Lambar ta ninka har kusan sau uku. Ta sake aunawa. Sannan ta sauko daga kujera, ta je ta zauna a matakala, sandar na ɗiga ruwa a kan wandonta. Fuskarta ta yi fari kusan kamar Mabel.

"Paulette, lafiya?"

"Kin san abin da mijinki yake faɗa wa duk wanda ya ba guntu? 'Mabel ba ta son wasa. Ku ɗora ta can sama, ku ƙure mata fitila har ƙarshe, ni haka nake yi.' Kowace shekara yana ƙara fitilarsa, yana cewa tsufa take yi, har ya kai ta ɗari bisa ɗari. Mu kuma muka bi. Ni murfina duk Asabar nake wankewa." Ta ɗaga kai. "Shekara shida, Noreen. Shekara shida ina Mai Maƙabarta. Har a katin Kirsimeti ya rubuta. Ashe Mabel a inuwa ta girma, ƙarƙashin ƙazantarsa!"

Wata irin dariya ta kuɓuce wa Noreen, ta toshe baki, dariyar ta koma kuka. Paulette ta bar ta ta yi mai isarta.

"Za ta rayu?"

"Wataƙila. In aka yi mata inuwa yau, aka riƙa ɗura mata abinci da sirinji, watanni. Ban yi miki alkawari ba. Ina ragar tagoginku?"

A gareji take, inda Orest ke jingine ta duk lokacin sanyi. Suka yanka ragar tagar ɗakin kwana da almakashin kicin, suka shimfiɗa ninki uku a kan falle biyun. Tankin ya yi duhu-duhu kamar yamma.

Da Paulette ke sa takalmi ta ce, "Ji nan. In kina tsoron zuciyarsa, ki ce wuta aka ɗauke da rana kina asibiti. Ni ba zan tona ba."

Noreen ta yi kwana biyu tana juya wannan maganar. Ƙarya ce mai sauƙi, kuma likita ma zai goyi bayanta. Amma in wuta aka ɗauke, Orest zai cire ragar ranar da ya dawo, ya bar fitilarsa a ɗari, Mabel ta ƙarasa.

Ranar Juma'a da azahar ta shigo da shi gida. Bai ko cire kwat ba ya nufi ƙofar ɗakin ƙasa, matashi a ƙirji. Ta sha gabansa.

"Zauna tukuna, tsoho."

"Sati biyu ina zaune, Nor. Matsa."

"Mabel ta yi fari. Ni na jawo. Na wanke murfin."

Ya dube ta kamar da wani yare ta yi magana. Ta zuba wa leɓɓansa ido tana jiran su yi shuɗi, hannunta ɗaya a kan waya. Ya kama ƙarfen matakala ya fara sauka, ƙafa ɗaya, hutu, ƙafa ɗaya. Matakala goma sha uku ne. Noreen ta ƙirga kowace.

A ƙasa Paulette na zaune a kan injin wanki, sandar awo a cinyarta.

"Wa ya bar Mai Maƙabarta ta shigo mini?" in ji shi, amma muryar ba ƙarfi, domin idonsa ya riga ya kai tankin.

Ya tsaya a gabansa. Bakinsa ya buɗe, bai rufe ba. Ya ɗora tafin hannu a gilashin.

"Tana da rai," in ji Noreen. "Duba bakunan. Ƙasanta ma lafiya lau."

Ya juyo ya dube ta, domin bai taɓa jin ta yi maganar bakunan murjani ba.

Paulette ta sauko, ta ɗage ragar, ta tsoma sanda ƙarƙashin falle mai datti ta nuna masa lamba. Ta matsar ƙarƙashin mai tsafta ta nuna masa.

"Na'urarki ta lalace."

"Ta ƙungiya ce, malam. Kai ka zaɓe ta."

"Sake."

Ta sake. Ya dubi lambar, ya dubi ɓawon gishirin da ke falle na uku, ya sake duban lambar. Noreen ta ga lokacin da abin ya shige shi, domin kunnuwansa sun yi ja. Ta tura masa kujera, ya zauna.

"Naki guda uku…" ya ce wa Paulette.

"Uku. Da na Glen, da na 'yan biyun nan na garin Warman, da na marigayi Stan, wanda ya sayar da tankinsa saboda yana zaton hannunsa ne ba kyau."

"Ya Ubangiji," in ji Orest. Ya rungume matashin sosai. "Stan."

Famfon tankin na ta gurnaninsa.

Can ya laluba aljihun kwat ya ciro waya, ya miƙa wa matarsa. "Rage ta. Nawa, Paulette?"

"Au, yau ina da suna? Arba'in. Ragar ta zauna tukuna."

Noreen ta rage. Sai ya nuna wani reshe can ƙasa ta baya, wanda shunayyarsa ba ta taɓu ba. "Wancan. A yanke shi yau, tun yana da lafiya. Ki kai gidanki. Ki sa shi a ƙasa, a inuwa." Ya dubi Paulette. "In kin yarda."

"Sai ka tashi a zauren coci ka faɗa da bakinka, kowa na ji."

"Zan faɗa."

Ya ɗauko almakashin yankan murjani daga ƙugiya, ya gwada matsawa, fuskarsa ta yamutse. An hana shi ɗaga ko da galan ɗin madara. Paulette ta miƙa hannu, amma ba ita ya ba ba.

"Wanke hannu tukuna, Nor, ba sabulu. Ki kama shi daga gindi, ki matsa sau ɗaya, kada ki yi jinkiri. Ba ta son a yi mata wasa."

Wannan na ƙarshen da idona na gani. Mahaifiyata ta aike ni da kwanon ferogi, ƙullin fulawa mai dankali a ciki, na sannu da dawowa, na tarar da ƙofa a buɗe, na tsaya a saman matakala. Na hango Misis Pawluk a kan kujera, ta naɗe hannun riga har kafaɗa, hannunta cikin ruwa, su biyun suna ba ta umarni a lokaci guda, kowa na cewa ɗayan ya yi shiru. Sai na ji ƙas.

Ban san me ake cewa a irin wannan wuri ba. Na ajiye kwanon a teburin kicin, na ja ƙofar a hankali don kada ta yi ƙara, na bi sawun da na shigo da shi a cikin ƙanƙara.